Laimar Sosamma

A shafin mamata na jarida na ga sunanki,
can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
cikin jerin waɗanda aka bari.
Sau uku a shekara guda:
ƙarƙashin hoton mahaifiyarki, farkon damina,
ƙarƙashin na Kunjappan, mijinki, kafin a yanke shinkafa,
sai Jomon, autanki, da babur ya kayar a hanyar Kundara.
Biyun farko na ninke jaridar na ƙunshe albasa.
Na ukun ya hana ni barci.

Ba ƙawaye muke ba, a faɗi gaskiya.
Tabarma ce ta haɗa mu a rumfar fasa kashu,
gwiwata na gogar gwiwarki shekara shida,
muna shafa toka a tafin hannu
kada man ya cinye mana fata.
Ya ci duk da haka.
Ran da aka rufe kamfanin ana tafka ruwa,
kika ba ni aron laimarki, kika ce in kawo gobe.
Goben ta yi shekara ashirin da shida.

Na hau jirgin ruwan safe daga Kollam
da sabuwar laima a hammata, ko ledarta ban cire ba.
Tafkin Ashtamudi shiru, sai masu tsintar ƙumba
tsaye cikin ruwa iya wuya.
Duk hanya ina haɗa maganar da zan faɗa,
tana warwarewa kamar igiyar ɓawon kwakwa.

Gidanki na bayan coci, ruwa ya ci rabin tsakar gida.
Takalmansa na nan bakin ƙofa,
ɗaya ya kife, ba wanda ya gyara.
Kika fito kina kallona kamar mai tallar inshora.
Ba ki gane fuskata ba.
Sai da na miƙa hannu,
kika juya shi, kika ga tabon,
kika ce, “Vilasini? Mai satar hutun shan shayi?”

Ban ce ki yi haƙuri ba.
Na buɗe baki kika tare ni:
“Haƙuri ya cika gidan nan,
kowa ya zo da nasa ya ajiye,
na rasa inda zan sa ƙafa.”

Sai muka zauna a dandamali.
Kika kawo dafaffen rogo da miyar kifi mai tsami,
tukunya guda cak.
“Hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba,” in ji ki,
“kullum na huɗu yake ɗiba.
Kajin maƙwabta sun yi ƙiba.”
Na ci har na ƙoshi, na ƙara,
don shi kaɗai na iya yi miki.

Kin ba ni labarin kowa ban da su.
Mai awon nan da yake danne sikeli ya makance.
Ponnamma ta bi ’yarta Dubai.
Rumfar tamu ta zama wurin biki.
Sai can da la’asar, kina wanke kwano, baya gare ni,
kika ce wayarsa tana nan a aljihun tebur,
kina sa mata caji duk daren Asabar,
ba ki san dalili ba.
Ni ma ban tambaya ba.

Da jirgin ƙarshe ya yi ƙaho
na tuna abin da ya kawo ni.
Kika zare ta daga leda, kika buɗe, kika duba ƙarafanta.
“Tawa baƙa ce. Wannan shuɗiya.”
Dariya ta ƙwace miki, gajeriya, mai tsatsa,
kika rufe baki da sauri kamar kin yi laifi.

Hadari ya riga ya haɗu ta yamma.
Kika mayar mini da ita hannu.
“Riƙe, za ki jiƙe.
Ki kawo ran Lahadi.”